Masu Kallo Da Suka Zana Uhura Da Hannunsu

A cikin 1966 aka fara nuna wani wasa a talabijin na Amurka wai shi Star Trek, labarin waɗansu mutane ne masu yawo cikin sararin samaniya a wani ƙasaitaccen jirgi. Cikin hafsoshin jirgin nan akwai mace baƙar fata, Laftana Uhura, ita ce mai kula da saƙonni. Wadda ta fito a matsayinta kuwa sunanta Nichelle Nichols. An ciro sunan Uhura daga uhuru, watau 'yanci da harshen Suwahili.

A zamanin nan in an ga baƙar mace a talabijin na Amurka, galibi baranya ce ko mai raino. Sabo da haka ganinta da kayan hafsa ya yi wa mutane da yawa daɗi. Amma masu shirya wasan sun yi mata rowar magana. Sau da yawa aikinta bai wuce ta zauna da 'yar na'ura a kunne, ta shaida wa kyaftin an yi kira ba. Har ta yi niyyar barin wasan, ita da bakinta ta ce Martin Luther King ne ya roƙe ta ta zauna.

Masu kallo kuwa ba su tsaya jiran kamfani ba. Tun 1967 suka fara buga 'yan mujallu na kansu, ta farko ita ce Spockanalia, suna rubuta labaru, suna zana mutanen jirgin. Yawancin masu wannan aiki mata ne, ba kuma wanda ya ke biyansu. Mu da muka taɓa juya injin Gestetner a ofis mun san wahalar abin. Buga wasiƙa a kan sitansil ma sai an yi hankali, balle a zana fuskar mutum a kansa da tsinken ƙarfe, inda danni kaɗan ya ke huda takardar, tawada ta malale ta ɓata hanci da ido. Haka suka yi ta yi, su ɗinke shafuffukan, su aika ta gidan waya a kan abin da zai biya kuɗin takarda da kan sarki.

Aka daina yin wasan a 1969 bayan kashi 79, amma zane bai tsaya ba. Mai zane ba ya bukatar izinin kowa kafin ya tashe ta daga teburin saƙonni ya sa ta a tsakiyar shafi ita kaɗai. Masu wasan da kansu ba su ba ta riƙon jirgin ba sai a 1973, cikin kashin da aka yi da hotunan zane.

Akwai dai wata ƙura a ƙasa. A shari'a siffar Uhura ta kamfani ce, ba ta mai zane ba, shi ya sa aka riƙa kiyaye cin riba. Mu a ganinmu kamfanin ya yi wayo da ya kau da kai, gama waɗannan mata su suka riƙe masa kasuwa shekarun da ba ya fid da kome.

Nichols ta rasu a 2022, har yanzu kuwa ana zana ta, sai dai da kwamfuta a ke yi, a watsa ta intanet. Tsofaffin mujallun nan na sitansil kuwa, Jami'ar Iowa ta tara da yawa daga cikinsu a ɗakin karatunta, mai bincike na iya zuwa ya roƙa a fito masa da su.