Illar Tsarkake Nasaba a Kiwon Karnukan Turai

A shekarar 1873 ne wasu manyan Ingila suka kafa ƙungiyar Kennel Club a birnin Landan, suka buɗe littafin nasaba inda ake rubuta kowane kare da uwarsa da ubansa, daga baya kuma aka ƙayyade wa kowane iri siffar da ake so, tun daga tsawon hanci har lanƙwasar wutsiya. Da tafiya ta yi nisa sai aka toshe ƙofa ga jinin waje, har ta kai ana haɗa uba da 'yarsa, wa da ƙanwarsa, ba don kome ba sai kwaɗayin lambar yabo a wajen gasa.

Sakamakon wannan bai ɓuya ga mai hankali ba, domin cutar gado da ke kwance cikin jini, muddin ta zo ta wajen uwa ta kuma zo ta wajen uba, sai ta bayyana a jikin ɗa. Dubi Bulldog, wanda aka yi ta zaɓen mai gajeren hanci zuriya bayan zuriya har fuskar ta baje, alhali naman maƙogwaron bai ragu ba. Ga shi nan yana minshari ido biyu, harshe waje, yana haki bayan 'yar gajeriyar tafiya, kuma saboda girman kan 'ya'yan, galibin matan ba sa haihuwa sai likita ya yi musu aiki. A ganina wannan zalunci ne, ko da an yi shi da sunan ƙauna.

Bayan da BBC ta tona asirin al'amarin a 2008, ƙungiyar Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan irin wannan haɗi na kusa a 2009, a 2023 kuma kotun ƙolin Norwe ta tabbatar da haramcin kiwon Cavalier King Charles, karen da ciwon zuciya da ƙuncin ƙoƙon kai suka addaba. Magani kuwa sananne ne, wato shigo da jinin waje: tun 1973 Dokta Robert Schaible ya haɗa Dalmatian da Pointer a Amurka, ya samo zuriyar da ta kuɓuta daga larurar da ke jawo tsakuwar mafitsara.

Yanzu da ake sayar da irin waɗannan karnuka a manyan biranenmu, inda zafi ke ƙara wa mai ƙuncin numfashi azaba, wajibi ne mai saye ya ga uwar da idonsa, ya nemi takardar gwajin lafiyar iyayen daga likitan dabbobi, in babu ya riƙe kuɗinsa.