Ƙananan tsuntsayen Turai da ke cin rani a gonakin Kano

A duk shekara, daga watan Satumba zuwa Oktoba, miliyoyin ƙananan tsuntsaye ne ke baro Turai saboda sanyi, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a yankin Sahel, ciki har da gonakin da ke kewaye da birnin Kano. Ba sa komawa sai wajajen Maris ko Afrilu.

Akasarinsu ba su da wani launi mai ɗaukar ido, shi ya sa manomi kan wuce su bai lura ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda Turawan Ingila ke kira whitethroat, wato mai farin maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 15 ne. Akwai kuma wani mai rawayan ciki da ke yawan kaɗa wutsiya, wanda ake gani a fadamu yana bin sawun shanu yana kama ƙwari.

Abin da ke riƙe da yawa daga cikin baƙin nan shi ne gawo. Itacen yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da tsuntsayen ke iso wa. Ganyensa da furensa na tara tsutsa da ƙwari, kuma da su ne tsuntsu ke yin kitsen da zai ci a hanya yayin ƙetare hamada.

Masu bincike daga ƙasar Holand da suka ƙirga tsuntsaye bishiya bayan bishiya a Sahel sun gano cewa baƙin sun fi taruwa a kan gawo da sauran itatuwa masu ƙaya, amma ba kasafai suke kula darbejiya ba. Ga shi kuwa darbejiya ce aka fi dasawa a yau.

An taɓa ganin illar rashin wannan abinci. A 1969, bayan farin da ya afka wa Sahel, adadin masu farin maƙogwaro da suka koma Birtaniya ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da gonaki masu faɗi a cikin ganuwa. Yanzu gidaje sun cinye su, an kuma cike kududdufai da dama. Don haka mazaunin cikin birni da ke son ganin tsuntsayen sai ya fita bayan gari, misali gonakin rani na Kura da Kadawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi bai ɗaga ba, bayan sallar asuba. Mutum ya nemi izinin mai gona, ya sami gawo mai ganye, ya juya wa rana baya, ya tsaya shiru. Madubin hangen nesa na taimakawa, amma sau da yawa kukan tsuntsun ne zai fara nuna reshen da yake.