Makarantar Firamare a Matsayin Masaukin Waɗanda Suka Rasa Matsuguni: Misali daga Yankara da Kewayenta

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda ƙananan hukumomi suke amfani da gine-ginen jama'a wajen saukar da mutanen da suka rasa matsuguni, da kuma raba musu kayan agaji. Mun ɗauki misali daga Yankara, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Faskari a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da maƙwabtanta na Ƙanƙara da Sabuwa. Abin da muke so mu nuna shi ne, wurin da hukuma ta zaɓa don yin rabo shi yake yanke wanda za a gani da wanda za a manta da shi.

Kafin mu shiga cikin bayani, ya kamata mu fayyace su wane ne marasa matsuguni a wannan yanki. A al'adar Bahaushe, da wuya mutum ya kwana a titi a ƙauye. Baƙo yakan sauka a zauren mai unguwa ko a masallaci, almajiri yana da zauren malaminsa, gajiyayye kuwa yana da dangi. Wannan tsari an gina shi ne don mutum ɗaya ko biyu, ba don gari guda ba. Da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a kudanci da yammacin Jihar Katsina, musamman daga 2019, sai aka sami wani sabon rukuni, watau manoma masu gida da rumbu da gona, waɗanda suka wayi gari ba su da wurin kwana. Harin Kadisau na watan Yuni 2020, inda aka kashe mutane da dama, yana cikin waɗanda suka kwararo da jama'a zuwa manyan garuruwa.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan al'amari ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa gidajen gajiyayyu da kula da su, a layi ɗaya da maƙabartu. Haka nan ya ba ta kasuwanni da tashoshin mota, ya kuma sa ta cikin sha'anin ilmin firamare. Bugu da ƙari, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta wajabta wa gwamnatocin Afirka kare waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu. Sai dai a karkara maganar gidan gajiyayyu kusan ta tsaya a takarda. Ginin da yake a hannun hukuma a kusan kowace gunduma shi ne makarantar firamare, kuma yawancin wannan gado ne na shirin ilmin firamare kyauta na 1976.

Dalilin zaɓen makaranta a fili yake. Tana da rufi, da ɗakuna da za a ware mata da yara daga maza, da filin da mota za ta shiga ta sauke buhuna. Ba a biyan haya, kuma izininta bai wuce ofishin ilmi na ƙaramar hukuma ba. A 2020 abin ya zo da sauƙi ta wata fuska, domin an rufe makarantu tun watan Maris saboda annobar korona, saboda haka ajujuwa a garin Faskari suka zama ɗakunan kwana ba tare da an kori ɗalibi ko ɗaya ba. Amma wannan sauƙi na aro ne. Da zarar an buɗe makaranta, sai haƙƙi biyu su yi karo: na yaron gari da yake son ajinsa, da na yaron ƙauye da yake kwana a cikinsa. Ban-ɗakin da aka gina don amfanin rabin yini kuwa ba ya ɗaukar iyalai dare da rana, balle da damina. Sace ɗalibai fiye da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020 ya kuma nuna cewa ita kanta makaranta ba tudun mun tsira ba ce.

Inda muke ganin matsalar ta fi zurfi shi ne ranar rabo. Yadda aka saba, ma'aikatan Hukumar Agajin Gaggawa ta jiha ko ta tarayya sukan zo da hatsi da tabarmi da barguna, ƙaramar hukuma ta tanadi fili, a kira sunaye daga takarda. To, wa ya shiga takardar? Galibi wanda aka tarar a sansani. Alhali kuwa a gari irin Yankara, mai gudun hijira yakan fara neman ɗan'uwa ko suruki ko abokin ciniki kafin ya nufi makaranta. Magidancin da ya raba ɗakunansa da iyali biyu ko uku ya ɗauke wa hukuma nauyi, amma shi da baƙinsa ba sa cikin lissafi. Sannan akwai kunya. Dattijon da bara ya fitar da zakkar masara ba zai so ya tsaya a layi a gaban 'ya'yan cikinsa ba. Matar da take takaba, wadda sau da yawa ita ce ta fi kowa buƙata, ba za ta fito filin makaranta ba. A nan ne masu ƙarfin turereniya suke cin rabon masu kawaici.

Ba mu ce a daina amfani da makarantu ba, domin a daren farko babu wani zaɓi. Abin da muke gani shi ne a raba aiki biyu da aka saba haɗawa, watau sauka da rajista. Sauka ta kasance a makaranta na ɗan lokaci ƙayyadadde, rajista kuwa ta bi ta hannun dagatai da masu unguwanni da limamai, gida-gida, tare da mata ma'aikatan lafiya da za su iya shiga cikin gida. Wannan yana buƙatar kuɗi, kuma an daɗe ana kukan cewa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya ɗaure musu hannu. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. In har kuɗin suka iso hannunsu yadda aka yanke, Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa za su iya ware fili a kusa da kowane babban gari, mai rijiya da ban-ɗaki da rumfuna, wanda za a mayar da mutane cikinsa kafin zangon karatu ya kama.