Ƙaguwar da ke barin abinci don ƙwanta su rayu

A shekarar 2010 masu bincike daga Birtaniya suka zura wata na'ura mai kyamara can ƙasan tekun da ke kewaye da Antaktika, zurfin fiye da mita 2,000, a tsaunin ƙarƙashin ruwa da ake kira East Scotia Ridge. Duhu ne baƙi ƙirin, ruwan kuma sanyi ƙarara, dab da daskarewa. Amma nan da can akwai ramuka masu feso ruwa daga cikin ƙasa, zafinsa ya haura digiri 300. A gefen waɗannan ramuka suka tarar da fararen ƙaguwoyi jibge kan juna, wani wurin har fiye da 700 a murabba'in mita ɗaya. A 2015 aka raɗa wa wannan halitta suna Kiwa tyleri, don karrama Farfesa Paul Tyler na Jami'ar Southampton.

Gonarta a jikinta take. Ƙirjinta cike yake da gashi, a cikinsa ƙwayoyin bakteriya ke tsiro, suna rayuwa da sinadaran da ramin ke fitarwa. Ita kuma ta tsefe su ta kai baki. Da ta yi nisa da ramin, gonar ta mutu.

Nan ne wahalar macen take. Ruwan da ke ciyar da ita guba ne ga ƙwanta, ga shi iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikinsa. Saboda haka da zarar ta ɗauki ƙwai a ƙarƙashin cikinta, sai ta bar manyan maza suna ɗumi kusa da bakin rami, ta rarrafa zuwa cikin sanyin da ke sandarar da jikinta. Can take zama wata da watanni rungume da su, ba ci, ga maharan teku na kai-komo.

Matan da aka gani a can abin tausayi ne: ɓawon jikinsu ya dafe, ya zaizaye, alamar sun daɗe ba su sake shi ba. Wannan ya sa masanan ke kyautata zaton sau ɗaya tak macen ke haihuwa a rayuwarta.

Ƙwan nata kuwa manya ne, maƙare da gwaiduwa. Da wannan guzuri 'ya'yan ke rayuwa bayan ƙyanƙyasa, ba sa buƙatar cin komai a farkon girmansu.