Ko Ka Sani? Lasifikar Masallaci Tana da 'Yan'uwa a Falo

Ko ka san lasifikar nan mai faɗin baki da ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci tana da 'yan'uwa da ake girkewa a falo domin jin kiɗa, waɗansu ma kuɗinsu ya kai na mota? Lasifika mai ƙaho ke nan, kuma masu sha'awar sauti sun daɗe suna gardama a kanta.

Sifikar da muka saba gani a rediyo ɗan faifan takarda ne da ke karkarwa yana tura iska. To iska ba ta da nauyi, ana tura ta sai ta zille gefe. Shi ya sa abin da ke zama sauti a cikin wutar da aka ba ta bai fi kashi 1 cikin 100 ba, saura ya tafi a zafi. Ƙaho yana rage wannan ɓarna. Ana sa ƙaramin faifai a maƙogwaronsa, inda hanya ta matse iska ba ta da wajen gudu, daga nan hanyar ta riƙa buɗewa a hankali har zuwa baki. Dabarar da ta sa garmaho na da yake cika ɗaki da waƙa ba tare da lantarki ba ke nan.

A 1946 wani injiniya Ba'amurke, Paul Klipsch, ya kafa kamfani a garin Hope na jihar Arkansas, ya fara ƙera Klipschorn, wadda har yau ba a daina yinta ba. Da wat 1 kacal takan ba da sauti kusan desibel 105 a nisan mita 1, alhali yawancin sifikun gida tsakanin 85 da 90 suke tsayawa. Tazarar desibel 20 kuwa ninki 100 ce ta wuta: abin da wata za ta yi da wat 100, ita da wat 1 ta gama.

Ni a wurina ba tsimin wuta ne babban abin so ba. Da yake faifan ɗan motsi kaɗan yake yi, ba ya wahala, sautin ba ya dagulewa. Idan makaɗi ya buga ganga, bugun zai fito maka tas, farat ɗaya, ya wuce. Idan mawaƙi ya sassauta murya, har jan numfashinsa za ka ji. Ko ƙasa-ƙasa aka kunna, kiɗan na nan da ransa. Ƙaho kuma yana saita sauti wajen mai sauraro, ba ya watsa shi ko'ina, don haka amon da ke dawowa daga bangon siminti da tayil yakan ragu.

Sai dai ƙaho akwai cin wuri. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma sauti mai kauri da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kusa mita 7. Ƙahon da zai fitar da shi dole ya yi tsawo, ya yi faɗin baki. Klipsch naɗe nasa ya yi a cikin akwatin katako, ya ce a manna shi a kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe su ƙarasa bakin. Dabara ce mai kyau, amma kana bukatar kusurwa biyu da babu ƙofa babu taga, da akwatuna biyu da kowanne ya haura mita 1.

Akwai kuma muryar hanci. Ƙahon da ba a fasalta shi da kyau ba yakan sa murya ta fito a matse, mai huda kunne. A masallaci ba laifi, tunda bukata ita ce kira ya isa nesa. A falo kuwa kafin faifan waƙa ya ƙare kunne ya gaji. Sannan lasifika mai ƙaho ba ta rufa asiri: ɗan gurnanin amfilifaya da wata sifika za ta haɗiye, ita sai ta fito da shi fili. Wanda ya zauna can gefe kuma ba zai ji abin da na tsakiya ke ji ba.

Waɗannan ne suka kore ta daga gidaje. A 1954 wani mai suna Edgar Villchur ya fito da ƙaramin akwati rufaffe mai ba da sauti mai kauri, daga baya taransista ta sa wat ya yi araha, ƙaho ya koma gidajen silima da filayen taro. A Japan kam ba su sake shi ba: har yanzu akwai gidajen shan gahawa da ake zuwa musamman domin sauraron jaz ta tsofaffin ƙahonin kamfanonin Altec da JBL.

Mai babban falo, wanda zai iya tsayawa ya saurara da kunnensa kafin ya biya, ina ganin ƙaho mai kyau ya cancanci wahalarsa. Mai ɗaki ciki da falo kuwa, ƙaramar sifikar akwati ta fi dacewa da shi.