3.4 Ficewar Nijar Daga Ƙungiyar ECOWAS: Riba Ko Asara?

A wannan sashe za a duba ko ficewa daga ƙungiyar haɗin kan siyasa da tattalin arziki kan amfani ƙasa, ta yin la'akari da Jamhuriyar Nijar.

An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. A 1979 aka amince ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Wannan ya sauƙaƙa fatauci tsakanin garuruwa irin su Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, abinci da magunguna suka yi tsada. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayyana ficewarsu, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025.

Masu goyon bayan ficewar na ganin cewa ƙasa ta sami 'yancin tsara siyasarta da tsaronta ba tare da wata ƙungiya ta gindaya mata sharaɗi ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin talakawa ne suka ɗanɗana kuɗar takunkumin. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su.

Na farko, Nijar ba ta da gaɓar teku. Kayan da take sayowa dole su ratsa ta ƙasar wani, wato ta tashar Kwatano ko ta Lome. Ficewa ba ta hana maƙwabci rufe iyakarsa, hasali ma tana raunana hujjar da za a kafa masa idan ya rufe. Na biyu, Nijar ta ci gaba da zama a ƙungiyar UEMOA mai amfani da kuɗin sefa, saboda haka ficewar ba ta mayar da ikon kuɗi hannunta ba.

Misalin Muritaniya zai ƙara haskaka batun. Ta fice a shekarar 2000, tana kuma da teku, amma a 2017 ta sake ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙungiyar.

Bisa ga wannan, ana iya cewa ribar ficewa ta siyasa ce, kuma gwamnati ke fara ganinta. Asarar kuwa, idan ta zo, kan faɗa wa falke da makiyayi da ɗan cirani. Ke nan ma'aunin da ya dace shi ne irin yarjejeniyar da ƙasa ta iya ƙullawa da maƙwabtanta bayan ta fice. Wannan shi ne abin da sashe na gaba zai tattauna.