Yadda 'Yan Sanda Su Ke Buɗe Ƙofar Da Aka Kulle

Kowa ya sani amfanin ƙofa shi ne ta tsare mai gida da iyalinsa da dukiyarsa. Amma akan sami lokacin da ya zama tilas hukuma ta shiga gidan da aka kulle, ko don a kama mai laifi da ya ɓuya ciki, ko don a yi bincike bisa takardar iznin alƙali, ko kuwa don a ceci wani da ciwo ya kayar, ya kasa tashi ya buɗe. To, muna so mu bayyana wa 'yan'uwanmu 'yan makaranta da malamanmu yadda 'yan sanda su ke yin wannan aiki da ƙarfin hannu, ban da bindiga ko nakiya, da kuma ƙa'idar da shari'a ta aza musu.

Ƙyaure komai kaurinsa abu biyu ne ke riƙe da shi, watau makulli a gefe ɗaya, da 'yan ƙarafan da ya ke juyawa a kansu a ɗaya gefen. Dukansu kuwa da kusoshi aka kafa su a jikin katakon bakin ƙofa. Saboda haka wanda ya san aikin ba ya ɓata ƙarfinsa a tsakiyar ƙyaure. Sai ya tsaya ya duba tukuna: ciki ƙofar ta ke buɗewa ko waje, ta itace ce ko ta ƙarfe, makullanta nawa. Sa'an nan ya murɗa mariƙinta, gama sau da yawa ƙofar da a ke shirin fasawa ba a ma kulle ta ba.

In ƙofa mai buɗewa ciki ce, sai a kawo gungumen ƙarfe mai mariƙi biyu. Wanda 'yan sandan Ingila su ke aiki da shi ana kiransa Enforcer, nauyinsa kilo 16, an shafa masa jan fenti, har sukan yi masa laƙabi da babban jan mabuɗi. Mutum ɗaya ya kan yi lilo da shi, ya buga dab da makulli. Nauyin nan duka sai ya taru a wuri guda, harshen makulli ya tsaga katakon da ya shiga, ƙofa ta buɗe. Amma ƙofofin roba na zamani, masu sakata sama da tsakiya da ƙasa, sukan ba da wahala, don lanƙwasawa su ke yi su komo, su shanye bugun.

In kuwa waje ta ke buɗewa, bugu ba shi da amfani, don ƙara matse ta ya ke yi a mazauninta. Nan sai ɓamɓara. Abin da aka fi ɗauka shi ne wani sandan ƙarfe mai tsawon kamar inci 30, wanda Hugh Halligan, wani babba cikin 'yan kwana-kwana na birnin Niyu Yok a Amurka, ya ƙago a shekarar 1948, da sunansa kuma a ke kiransa har yau. Kansa ɗaya yana da baki kamar na gizago da tsinke a gefe, ɗaya kan kuma ya rabu biyu kamar kofaton akuya. Mutum ɗaya ya sa bakin tsakanin ƙyaure da katako, na biyu ya buga shi da bayan gatari har ya shige, kana a danna. Dabarar ita ce wadda mu ke koya a aji, ta ɗaga babban dutse da doguwar sanda in an tokare ta da ƙaramin dutse. Akwai kuma wani abu mai kama da jak ɗin mota, ana matsa shi da hannu, yana buɗa tsakanin ƙyaure da katako a hankali, ba da ƙara mai yawa ba. Kwaɗo kuwa da babban almakashi mai dogayen hannuwa a ke datse shi. In ƙarfensa ya yi tauri, sai a ɓamɓare abin da aka rataya shi a jiki.

To, amma duk waɗannan kaya ba su ne farkon aiki ba. Tun shekarar 1604, cikin shari'ar wani mutum mai suna Semayne, alƙalan Ingila suka yanke cewa ma'aikacin sarki ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi a buɗe masa, kafin ya fasa. Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙarfafa wannan ƙa'ida a shekarar 1995. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta Nijeriya ta 2015 ita ma haka ta ce, ta kuma ƙara da cewa in macen kulle ce ke zaune a wurin, sai a sanar da ita, a ba ta damar kaucewa kafin a shiga.

Dalilin wannan ba girmamawa kaɗai ba ne, har da tsare rayuka. Ran 13 ga Maris, 2020, 'yan sandan birnin Louisville a Amurka suka fasa ƙofar wata mata, Breonna Taylor, da gungumen ƙarfe cikin tsakar dare. Su sun ce sun faɗi ko su wane ne. Mutumin da ke tare da ita ya ce bai ji ba, ya zaci 'yan fashi ne, ya harba bindiga. Suka rama, suka kashe ta, tana da shekara 26, ba a kuwa sami ƙwayoyin da a ke nema a gidan ba. Cikin watan Yuni na wannan shekara majalisar birnin ta hana ba da takardar shiga gida ba da sanarwa ba.

A ƙasarmu ko ɗan yaro ya sani ba a shiga gidan mutum sai da sallama. Wanda duk aka ba wa iko daga cikinmu nan gaba, ya tuna ƙyauren da aka fasa kafinta ya kan gyara shi cikin yini guda, amma rai in ya fita ba ya komowa. Allah ya kiyaye mu, amin.